Muryar Inna Malama a Ƙasar Sanyi

Ranar da na sauka a tashar jirgin ƙasa ta garin da zan yi karatu, can ƙasar sanyi, ruwa ake yi, irin siririn ruwan nan da ba ya jiƙa mutum lokaci ɗaya, sai dai ya bi shi a hankali har ƙashi. Akwati ɗaya nake ja, jakata kuma na matse ta a hammata. A cikinta akwai fasfona, da takardar gayyata daga jami'a, da wata 'yar ma'ajiyar kwamfuta da ba ta fi akwatin ashana ba. Aikina na shekara biyu yana cikin wannan 'yar aba.

Tun ina Dutse na kama ɗaki ta intanet, na aika abin da aka ce in aika, aka turo mini hoton gado da taga da tukunyar fure. Na hau bas na nuna wa direba adireshin, ya sauke ni a wani layi da gidajensa duk kama ɗaya. Na danna ƙararrawa. Wani tsoho ya buɗe, karensa ya riga shi fitowa ya hau shinshina gefen hijabina. Na ƙame, na miƙa masa takardar. Ya duba, ya girgiza kai, ya gaya mini da guntun Turancinsa cewa gidansa ne, bai taɓa ba da haya ba, kuma ba ni ce ta farko da ta zo masa da irin wannan takarda ba. Na kira lambar mai ɗakin, aka ce a kashe take. Tsohon ya ce in yi haƙuri, ya ja karensa ya rufe ƙofa.

Ban san ko'ina ba sai tashar, don haka can na koma. Na zauna a benci na kira maigidana, Baban Nana, a unguwarmu ta Takur a Dutse. Ina jin muryarsa, ina jin hayaniyar yaranmu a bayansa suna rigima a kan wanda zai karɓi waya. Na dai samu na faɗa masa abin da ya faru. Yana cikin ce mini in nemi ofishin 'yan sanda, wata mata mai kauri da ke zaune a ƙarshen bencin ta matso.

"Ɗiyana, ke Bahaushiya ne?"

Sunanta Hajiya Ayishetu, mutuniyar Zangon Kumasi ce, ta fi shekara ashirin a ƙasar tana aiki a gidan kula da tsofaffi. Hausarta irin ta can ce, mai ce wa mace "ya zo" da "ya tafi". Ba ta yi mini tambaya mai yawa ba. Ta karɓi wayar ta gaisa da maigidana, ta ce masa ya kwantar da hankalinsa, matarsa tana hannun uwa. Ta ja akwatin da kanta. A falonta na kwana wata biyu a kan doguwar kujera kafin jami'a ta ba ni ɗaki.

Bari in faɗi abin da ya kai ni. Sunana Habiba, 'yar wani ƙauye ce kusa da Kiyawa, ina koyar da ilimin halayyar ɗan Adam a Kafin Hausa. Ɓangaren da na fi so shi ne yadda ƙwaƙwalwa take riƙe abu da yadda take tuna shi. Ba daga littafi na fara son wannan ba, daga zauren gidanmu ne. Mahaifina, wanda kowa yake kira Malam, gwani ne. Ya rubuta Alƙur'ani da ka ba sau ɗaya ba, kuma in ka ambaci kalma zai gaya maka sau nawa ta zo da inda ta zo, abin da mahaddata suke kira harji. Tun ina ƙarama nake mamakin inda yake ajiye wannan duka, da kuma dalilin da ya sa tsufa bai taɓa shi ba.

Da na fara karatu mai zurfi, sunan wani Farfesa nake ta cin karo da shi. Kusan duk maƙalar da na buɗe a kan tunani da tsufa, sai na ga an kafa hujja da rubutunsa. Yana da wani gwaji na tambayoyi da likitoci suke amfani da shi a ƙasashe da yawa don gane wanda ciwon mantuwa ya fara kamawa. Na yi ƙarfin hali na rubuta masa wasiƙa. Bayan kwana uku ya amsa. Ya turo mini gwajin, ya ce in fassara shi da Hausa in yi wa tsofaffin mahaddata, in na gama in zo wurinsa in yi digirin digirgir a kai.

Malam ne ya buɗe mini ƙofofi. Shekara biyu ina yawo a kan babur tsakanin ƙauyukan Kiyawa da Dutse da Kafin Hausa, ina zama da tsofaffi maza da mata, ina yi musu tambayoyin gwajin, ina rubuta amsarsu yadda suka faɗe ta. Sannan in kunna rikoda, in ja musu farkon aya su ci gaba, in yanke su a tsakiya in jefa su wata sura. Mata sun fi wuyar samu. Babbarsu ita ce Malama Hassana, da muke kira Inna Malama, wadda ta koyar da mahaifiyata karatu. Sau uku ina zuwa tana juya zancen. A na huɗu ta yarda, amma ta ce takardar yarjejeniya ba za ta dangwala mata yatsa ba, ita ba ta san takarda ba, ni ta sani. Ta ce in kunna na'urar ta faɗi sharaɗinta a ciki: ni kaɗai zan saurari muryarta, sai mata 'yan uwana in aiki ya kama, kunnen namiji baƙo kuwa a'a. Na ce na ɗauka. Da sauran matan suka ji Inna Malama ta yarda, su ma suka yarda a kan sharaɗi ɗaya.

Farfesa dogo ne, mai furfura, mai sanyin murya. Ranar farko ya ce in riƙa kiransa da sunansa kamar yadda kowa yake yi a sashen. Na gwada, harshena ya ƙi, har na bar ƙasar Farfesa nake ce masa. A bangon ofishinsa akwai taswirar duniya da aka cake da 'yan allurai masu launi, kowace allura wani abokin bincike ne a wata ƙasa. Ya ɗauko ja ya ba ni, ya ce in caka a garinmu. Na nemi Jigawa na rasa, na caka kusa da Kano. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi har cikin raina.

A satin ne mataimakinsa ya kawo mini wasu takardu, shafi da yawa, rabi da Turanci rabi da yaren ƙasar. Ya ce ƙa'ida ce, duk wanda ya zo da bayanai sai ya zuba su a babbar ma'ajiyar sashen, don kada su ɓace. Na ce masa akwai muryoyin mata da aka ba ni da sharaɗi. Ya ce babu damuwa, komai a kulle yake da lambar sirri. Ya tsaya a kaina da biro a hannu, ga shi ba a kammala mini takardar izinin zama ba sai da shaidar cewa na fara aiki. Na sa hannu. Na zuba komai.

Watannin farko sanyi da kewa ne suka fi damuna. Rana takan faɗi kafin in gama tantance la'asar. A ƙarƙashin matattakalar bene nake salla, inda ake ajiye kayan shara, don nan ne kaɗai ba a wucewa. 'Yata Nana ta cire haƙorinta na farko a waya na gani. Mutanen sashen ba su da mugunta, amma kowa da ƙofarsa a rufe, gaisuwarsu kalma ɗaya ce. Mutum ɗaya ce ta saba da ni, wata 'yar Indiya mai suna Mira da muke ofis ɗaya, ita ma a ƙarƙashin Farfesa take. Takan ɗebo mini shinkafarta mai yaji a murfin kwano, ni kuma in ba ta yajin daddawa da na zo da shi.

Kowace Talata da safe akan yi taron sashe. Wata Talata na shigo a makare, na tarar an rage fitila, mutane kusan ashirin sun zagaye tebur, yawancinsu maza, kowa da kofin gahawarsa. Farfesa yana tsaye gaban allo. Ya ce kafin ya nuna sakamako yana so su ji wani abu mai ban sha'awa daga Najeriya. Ya danna kwamfuta.

Muryar Inna Malama ta cika ɗakin.

Suratu Maryam take ja, da muryarta mai ɗan rawa, har ana jin zakaran gidanta a baya. Wani ya lumshe ido. Wani ya ce kamar waƙa. Wani yana tauna biskit. Ni kuwa ina tsaye a bakin ƙofa da littafi a hannu. Na san abin da ya kamata in yi. Taku biyar ne tsakanina da kwamfutar. Ban taka ko ɗaya ba, ban ce uffan ba, har ta kai ƙarshen shafi ya kashe da kansa. Wannan tsayuwar ita ce abin da ya fi cina har yau.

Sannan ya nuna sakamakon. Sun bi amsoshin da na rubuto sun ba su maki da ma'auninsu, kuma a wannan ma'auni yawancin tsofaffinmu sun faɗa sahun waɗanda mantuwa ta fara kamawa. Ya ce wannan ya nuna hadda ba ta kare ƙwaƙwalwa daga tsufa, ta yiwu ma tana rufe ciwon ne kawai. Ya ce zai sa wannan a babbar maƙalar da yake haɗawa da abokan aikinsa na ƙasashe da dama, kuma zai buɗe jawabinsa da wannan muryar a babban taron da za a yi da bazara.

Da na koma ofis na buɗe takardun makin ɗaya bayan ɗaya. Ba a sa sunaye ba, lambobi ne, amma na san rubutuna, na san amsar kowa. Na nemo ta Malam. An tambaye shi yau nawa ga wata, ya faɗi na watan Musulunci daidai, aka ba shi sifiri. An ce ya zana agogo mai hannu ya nuna ƙarfe kaza, ya ce shi da inuwa yake sanin lokaci, sifiri. An ce ya kwaikwayi zanen akwati, ya ce hannunsa bai saba da zanen banza ba, sifiri. A ƙasan takardar, da ja, an sa shi cikin masu matsala. Mutumin da yake zama da tawada da alƙalami ya fitar da izu sittin daga kansa ba tare da ya duba komai ba.

Mira ce ta turo mini kwafin maƙalar, ta fita. Sunaye sun cika layi uku a samanta, mutanen da ban taɓa gani ba, waɗanda ba su san ko Kiyawa gabas take ko yamma ba. Sunana yana can ƙarshe, cikin ƙananan haruffa, ana gode mini da taimakon tattara bayanai.

Na je wurin Hajiya Ayishetu ranar Asabar. Tana daka citta na ba ta labari. Ta ajiye taɓarya ta ce ita ta san mantuwa, kullum tana wanke masu ita, tana ba su abinci a baki, wata ma mijinta ya zo ba ta gane shi ba. Ta ce wanda ya rubuta Alƙur'ani da ka ba ya cikinsu, kowace takarda ce ta faɗa. Amma ta ja mini kunne: a ƙasar nan wanda ya riƙe maka takardar zama ya riƙe maka wuya, in za ni in yi magana in san yadda zan yi.

Na nemi ganin Farfesa. Ya karɓe ni da fara'a, ya haɗa mini shayi. Na faɗa masa abu uku: muryoyin mata da sharaɗi aka ba ni su, gwajin bai dace da mutanenmu ba, kuma ni na yi aikin. Ya saurara har na gama. Ya ce gwajinsa an yi amfani da shi a wurare masu yawa, in aka canza tambaya don wani wuri ba za a iya kwatanta ƙasa da ƙasa ba. Batun suna kuma, ya ce ɗalibi yakan fara daga ƙasa, nawa lokacin yana zuwa. Sai ya jawo aljihun tebur ya fito da takardun da na sa wa hannu, ya buɗe wani shafi ya ɗora yatsa. Duk abin da ya shiga ma'ajiyar sashen, na sashen ne.

"Habiba, ke mai ƙoƙari ce," in ji shi. "Nan da wata biyu zan rubuta rahoton da za a sabunta miki izinin zama da shi. Ina so in rubuta abu mai kyau."

Bai ɗaga murya ba. Na tashi na fito.

Na yi kwanaki ban iya cin abinci ba. Gaba kura, baya sayaki. In na yi shiru, zan samu digiri, in koma gida a ɗaukaka ni, muryar Inna Malama kuma ta zagaya ɗakunan taro, a kuma rubuta a littattafai cewa mahaddatanmu ƙwaƙwalwarsu ta lalace. In na yi magana, zan iya komawa hannu rabbana bayan na bar 'ya'yana kusan shekara. Baban Nana ya ce shi ba zai zaɓa mini ba, amma ɗakina yana nan, kuma ba wanda zai yi mini dariya a gidansa.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na kira ƙanina ya kai wa Malam waya. Na faɗa masa komai, har da makin da aka ba shi. Ya yi dariya a kan wannan, ya ce in Bature ya ce ya manta, to Allah ya sa iyakar abin da zai ce ke nan. Da na zo kan batun muryar, dariyar ta tsaya.

"Ita Malama Hassana ta san Farfesan naki?"

Na ce a'a.

"To wa ta bai wa amana?"

Bai ƙara komai ba sai addu'a. Ya miƙa wa ƙanina wayar.

Litinin da safe na tarar da 'yar takarda a ƙarƙashin kofina, rubutun Mira. Lambar wani ofis ce a wani gini, na kwamitin da ke kula da haƙƙin mutanen da ake bincike a kansu. A ƙasa ta rubuta in yaga takardar, ita ma izinin zamanta a hannunsa yake. Na yaga. Na je na shigar da ƙorafi.

Daga ranar da sanarwa ta isa sashen, iska ta canza. Aka rufe mini hanyar shiga ma'ajiyar, har bayanan da na kawo da hannuna. Aka daina turo mini sanarwar taron Talata. In na shiga wurin shan shayi hira takan mutu. Mira ta mayar da teburinta wani ofis. Sati biyar na yi a haka, ina zuwa in zauna gaban kwamfuta ba aikin yi, ina duba ranar da ke jikin katin izinina tana matsowa.

Kwamitin ya rubuto cewa suna buƙatar shaida a kan sharaɗin da nake magana, tunda babu shi a rubuce. Nan na shiga wani sabon tashin hankali. Shaidar tana nan, a farkon naɗin, da bakin Inna Malama. Amma in na kunna musu, na sake aikata abin da nake ƙara a kansa. Kuma da Hausa take, ba za su karɓi fassarata ba tunda ni ce mai ƙorafi. Na gaya wa Hajiya Ayishetu. Ta ce yaushe ne zaman? Na faɗa mata. Ta ce za ta yi musayar ranar aiki da wata abokiyar aikinta, ta zo ta fassara.

Ranar zaman, mutum biyar ne a bayan dogon tebur, maza uku mata biyu. Shugabar wata dattijuwa ce, likitar tsofaffi, Dakta Elsa, 'yar ƙarama mai gajeren gashi fari. Farfesa yana gefe da takarduna a gabansa. Hajiya Ayishetu ta shigo da rigar aikinta a ƙarƙashin mayafi, ta zauna kusa da ni tana haki saboda benen.

Farfesa ya fara. Ya yi magana mai tsari a kan shekarun da ya yi yana aiki da masu bincike na ƙasashe matalauta, da ɗaliban da ya ɗaga, da takardar da na sa wa hannu da kaina. Duk gaskiya ne. Da aka zo kaina, na miƙe. Na ce ina da shaidar, amma ba zan iya kunna ta ba sai maza sun fita.

Ɗaya daga cikin mazan ya ajiye biro ya ce wannan ba tsarin zama ba ne, kwamiti ba ya rabuwa. Farfesa ya ɗan murmusa. Dakta Elsa ta dube ni ta saman tabarau, ta tambaye ni dalili. Na ce sharaɗin ke nan, in na karya shi don in tabbatar da shi, me na zo yi? Sannan ta juya ta yi wa mazan magana da yarensu, gajeriya. Suka dubi juna. Suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Farfesa ne ya fita a ƙarshe, ya ja ƙofar a hankali.

Na kunna daga wayata. Inna Malama ta yi gyaran murya, ta faɗi sharaɗinta, aka ji ni ina cewa na ɗauka. Hajiya Ayishetu ta fassara musu jimla jimla da yaren ƙasar. Da ta gama ta ƙara wata magana da ban gane ba, daga baya ta ce mini cewa ta yi: tsohuwar nan sa'ar uwarta ce, uwar tata ma da haka za ta ce.

Da mazan suka dawo, Dakta Elsa ta tambaye ni ko akwai sauran magana. Na fito da takardar makin Malam, na karanta musu tambayar kwanan wata da amsarsa. Na ce amsar daidai ce a kalandar da yake rayuwa da ita. Na tambaye su ko akwai wanda zai iya gaya mini yau nawa ga wata a wannan kalandar. Babu wanda ya sani. Farfesa ya ce wannan batun ilimi ne, ba na kwamiti ba. Dakta Elsa ta ce haka ne, amma ta rubuta wani abu.

Bayan sati biyu hukunci ya fito. Za a goge muryoyin mata duka daga ma'ajiyar, ba za a kunna su a ko'ina ba, don ba ni da ikon ba da abin da ba nawa ba, ko na sa hannu. Batun suna da batun gwajin kuwa, suka ce ba huruminsu ba ne. Washegari Farfesa ya aiko da wasiƙa mai layi huɗu cewa ba zai ci gaba da duba aikina ba. Ya cire Jigawa gaba ɗaya daga maƙalarsa. Ta fito daga baya da sunayenta layi uku, ana ta kafa hujja da ita har yanzu. Saura kwana goma sha tara izinina ya ƙare.

Na fara haɗa kaya. Na saya wa Nana 'yar tsana. Ina cikin ɗaure akwati saƙo ya shigo daga Dakta Elsa, in zo ofishinta a asibitin koyarwa. Ta ce ita ba shahararriya ba ce, ba ta da taswira a bango, ɗalibanta biyu ne. Amma shekara da shekaru tana yi wa tsofaffin baƙin haure wannan gwaji, tana ganin masu lafiya suna faɗuwa, ba ta san yadda za ta gyara ba. In na yarda mu gina wani daga tushe, da Hausa, da abubuwan da tsofaffinmu suka sani. Ta gaya mini gaskiya cewa hakan zai ƙara mini shekara guda. Na kira Baban Nana. Ya yi ajiyar zuciya, ya ce Nana ta shiga aji biyu, ɗanmu Abba ya daina tambayata kullum. Sannan ya ce in zauna in gama.

Na zauna. Muka yi aikin tare da wasu ma'aikatan jinya mata biyu a Dutse da Kiyawa, su suke gwada tambayoyin suna turo mana abin da ya yi da wanda bai yi ba. Maƙalarmu ta fito a wata ƙaramar mujalla, sunana a farko, nasu a biye. Ba mutane da yawa suka karanta ta ba. Amma na taɓa shiga wani ƙaramin asibiti a hanyar Kafin Hausa na ga kwafin tambayoyinmu a manne a bango, gefensa ya yi baƙi don taɓawa. Ranar da zan baro ƙasar, Mira ta zo tasha ta rungume ni tana kuka, ba mu yi maganar abin da ya wuce ba. Hajiya Ayishetu ta cusa mini ƙullin citta a jaka ta juya da sauri.

Kwana uku da dawowata na hau babur zuwa ƙauyen Inna Malama. Damina ce, gero ya kai ƙugu. Na same ta a ɗaki a kan buzu, idonta ya ƙara rauni, amma tana jin sallamata ta kira sunana. Muka gaisa, ta tambayi yara da Malam da mutanen can. Na durƙusa na gaya mata abin da ya faru ranar Talatar nan, ban rage komai ba, har da tsayuwar da na yi a bakin ƙofa ban hana ba.

Ta daɗe tana jan carbi.

"Wace sura suka ji?"

Na ce Maryam.

"Na yi tuntuɓe a ciki?"

"Ko ɗaya, Inna."

Ta gyaɗa kai. Ta ce abin da ya shiga kunnensu maganar Allah ce, wannan tsakaninsu da Shi. Abin da ke tsakanina da ita kuma daban.

"Na yafe miki, Habiba, tunda kin zo da ƙafarki kin faɗa. Amma na'urar nan kada ta sake shigo mini ɗaki."

Na ce to. Ta sa aka kawo mini fura, ta ce in sha kafin hadari ya taso. Har ta rasu ina zuwa wurinta duk ƙarshen wata, da littafi da biro, ina rubuta abin da hannuna ya iya kamawa.